Sunan da Na Rubuta a Jikin Jirgi Mai Lamba Bakwai

Zuwa ga uwar 'ya'yana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙafar taki? Ina fata kina shafa maganin, ba kallonsa kike yi a kan taga ba. Ya yara da jikoki?

Na iso lafiya, na kuma ga aikin da aka kira ni dominsa. Tsohon jirgin yaƙin nan mai lamba bakwai, wanda na yi shekara tara ina rarrafe a ƙarƙashin cikinsa, shi ake so in gyara a kafa a ƙofar gidan tarihin sojojin sama. A bayan rumfar jirage na same shi, tayoyi sun sace, tantabaru sun yi sheƙa a bakin injin. Ramukan harsashi goma sha ɗaya suna nan a gefen hagu yadda na san su.

Kin san wa aka naɗa shugaban kwamitin aikin? Shaho. Tsohon matuƙin nan da ya raɗa wa kansa suna, don babu wanda ya ga abin shaho a jikinsa. Ya yi tumbi, yana tafe lambobi suna kaɗawa a ƙirji kamar akuya mai ƙararrawa. Yatsu biyu ya miƙo mini, ya kira ni yaro, ni da furfurata. Ya zagaya jirgin sau ɗaya, hankici a hanci, ya ce a cike ramukan don suna ɓata hoto. Na ce to. Ban cike ba.

Ki gaida kowa.

Mijinki,
Makanike

Zuwa ga uwar 'ya'yana,

Gaisuwa da fatan alheri. Saƙonki ya iso, na ji daɗi da kika ce kumburin ya sauka.

Jiya Shaho ya aiko da takarda: in rubuta sunansa da farin fenti a ƙarƙashin kujerar matuƙi, a matsayin wanda ya tuƙa jirgin ranar gada. Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba game da ranar, yau zan faɗa.

Da safiyar ranar aka yi wa sojojinmu ƙawanya a bakin gada, suna neman agaji ta sama. Layin Shaho ne. Ya hau, ya kai bakin titin tashi, sai ya juyo wai injin yana zafi. Na buɗe na duba, lafiyarsa ƙalau. Matuƙin ne ya tsorata, har igiyar hularsa ya kasa kwancewa. Dogo, wani matuƙinmu wanda saukarsa ke nan ko ruwa bai sha ba, ya karɓi hular ya hau. Ya je ya buɗe wa mutanenmu hanya, ya dawo da harsashi a haƙarƙari, ya sauke jirgin sumul kamar mai ajiye ƙwai. Kafin mu ɗaga murfin gilashin rai ya yi halinsa. Ni na wanke kujerar.

Da yamma Shaho ya tsare ni, ya ce in rubuta a littafin gyara cewa injin ya yi zafi na gyara, ya kuma tuna mini bambancin igiyar muƙaminsa da tawa. Kina da cikin babbar 'yarmu a lokacin. Na rubuta. Daga baya aka yi ta sauye-sauye, waɗanda suka shaida suka mutu ɗaya bayan ɗaya, labari ya zama nasa. Yanzu har yara a makarantar horo ana koya musu yadda ya ratsa wuta. Wutar da ya taɓa ratsawa ita ce ta kicin ɗin hafsoshi.

Ina raina shi, amma duk sanda na tuna hannuna ne ya riƙe biron, sai in rasa wanda na fi rainawa. An ce wanda ya yi aikin da kyau za a ba shi lambar yabo a gaban jama'a. Ki yi mini addu'a.

Mijinki,
Makanike

Zuwa ga uwar 'ya'yana,

Ina gaishe ki, ina fata kuna lafiya. Kada ki tsorata da abin da za ki ji a bakin mutane, ni lafiyata ƙalau.

An yi taron ƙaddamar da jirgin jiya da hantsi. Ni na lulluɓe jirgin da kaina, Shaho kuwa bai sake zuwa duba aikin ba, wai warin fenti yana sa shi tari. Ya yi jawabi na kusan awa guda, yana kwatanta da hannu yadda ya karkata fiffike, har ya buge makirfo. Sannan ya ja ƙyallen. Sunan Dogo ne a wurin, da manyan baƙaƙe, ramukan harsashi a ƙasansa.

Da kin ga fuskarsa. Ya fara dariyar yaƙe, ya ce kuskuren ma'aikata ne. Na miƙe na ce ba kuskure ba ne, na faɗi abin da na gaya miki, har da ƙaryar da na rubuta. Ya daka tsawa a fitar da ni. Tsawar ce kawai ta rage masa, ita ma a tsakiya ta shaƙe. Sojoji biyu suka raka ni bakin ƙofa, ɗayansu yana riƙe mini jakar kayan aiki kamar ni ne ubansa.

A nan wata tsohuwa ta cim mini, tana dogara sanda. Matar Dogo ce. An gayyace ta, aka zaunar da ita a layin ƙarshe, cikin rana. Na sunkuyar da kai ina jiran godiya ko zagi. Sai ta ce, "Shekara talatin da takwas, makanike. 'Ya'yansa sun girma suna jin kunyar tambaya." Na ce ta yafe mini. Ta ce sai na zo gida na maimaita a gabansu, da bakina.

Saboda haka ba zan dawo gobe ba. Can zan fara zuwa.

Mijinki,
Makanike