Ƙwarewa Arba'in da Uku

Mandawari, Kano
4 ga Mayu

Yaya Jamila,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya ɗalibai? Baba da Umma suna gaishe ki. Ciwon idon Baba yana nan yadda kika bar shi, ya ma daina fita rumfarsa ta kasuwa gaba ɗaya.

Ga takardun wasan nan da kike ce wa shirmena, na ba direban motar Haɗeja ya kawo miki makaranta. Sunansa Ayari. Mutum huɗu za su zauna, kowa ya zama matafiyi a cikin ayarin fatake da ya tashi daga Kano a zamanin da. Ni ne mai ba da labari. In na ce 'yan fashi sun tare hanya, ɗan wasa zai faɗi abin da zai yi, ya jefa dayis biyu irin na ludo, a haɗa masa da makin da yake da shi a wannan ƙwarewar. In ya kai tara, ya yi nasara.

Ƙwarewar ce ta hana ni sakat. Na rubuta arba'in da uku: rini, jima, dukanci, ƙira, ciniki, iyo, da sauransu. Ranar Asabar muka gwada a tsakar gida da 'ya'yan Kawu. Rukayya ta zuba makinta duka a magani da harsuna, ba ta sa ko ɗaya a iyo ba. Minti goma da farawa muka iso kogi, matafiyarta ta nutse. Awa biyu tana zaune tana kallonmu. Da za ta tafi ta ce, "Yaya Zaharaddeen, wannan ba wasa ba ne, jarrabawa ce." Yayanta Abdulmalik kuwa cike takardar rabon makin kaɗai ya ci masa minti arba'in.

Malam Yusuf na ƙungiyar masu karatu ta Shahuci ya ba ni teburi a taronsu na ɗaya ga Yuni. Shekara biyu ina roƙonsa. Ke ce malamar lissafi, don Allah ki duba mini lambobin.

Ƙaninki,
Zaharaddeen

Haɗeja
9 ga Mayu

Zaharaddeen,

Wa alaikumus salam. Ka gaishe mini da su Baba.

Lambobinka lafiyarsu ƙalau. Yawan ne ciwon. Ka ba mutum maki ashirin ya raba gida arba'in da uku, dole fiye da rabi su tashi babu komai, kuma kai ne mai zaɓen inda kogi zai ɓullo. Rukayya ba ta yi kuskure ba, tarko ka ɗana mata.

Na sa jan biro na mayar da su biyar: ƙarfi, wayo, baki, ilimi, aikin hannu. Na gwada da 'yan ajina huɗu bayan la'asar. Cikin minti biyar kowa ta gama takardarta, sai da aka buga ƙararrawar abinci suka tashi.

Allah ya taimaka.

Yayarka,
Jamila

Mandawari
14 ga Mayu

Yaya Jamila,

Bayan gaisuwa. Na ga aikin jan bironki. Lambobi na ce ki duba, ban ce ki yanka wasan ki raba wa 'yan ajinki ba.

Duk da haka na gwada naki. An yi sauri, ban musa ba. Amma da na karɓi takardun 'yan wasan na jera, ba ka bambance maƙeri da marini. Kowa ya loda wa wayo maki, don ya gane wayo yana buɗe kowace ƙofa. Abdulmalik ya ce ko sunan matafiyinsa ya manta. Sani maƙwabcinmu ya ce in dai haka ne gara ya koma kallon ƙwallo, kuma bai dawo ba. Saura mutum biyu ke nan, ga taro saura kwana goma sha takwas.

Abin da ya fi ƙona mini rai, dukanci. Sana'ar da Baba ya yi shekara hamsin yana yi, kin cusa ta cikin "aikin hannu" tare da ɗaurin kaya da hura wuta. Shafi uku na rubuta a kanta, kin ja musu layi ɗaya.

Na koma kan arba'in da uku ɗina.

Zaharaddeen

Haɗeja
18 ga Mayu

Zaharaddeen,

Ina gaisuwa, ko da kana fushi.

Gwadawa da ɗalibaina ba da izininka ba laifina ne, ka yi haƙuri. Sauran kuwa ba zan janye ba.

Na karanta shafi ukun nan sau biyu. Kowace ƙwarewa layi biyu ka ba ta, dukanci kaɗai ya samu shafi uku, kuma a duk tafiyar ayarin babu wuri ɗaya da ake buƙatarsa. Na kuma gane ba a wurin Baba ka kwaso bayanin ba, don akwai kalmomin da ban taɓa ji a bakin Baba ba. Mutumin yana ɗakin da ke kallon naka. Tun ranar da ka ce masa ba za ka gaji rumfa ba kake kewaye shi, yanzu kuma kana so ka biya shi da takarda da ba zai iya gani ba. Ba za ka hukunta Rukayya a kan wannan ba.

Ka je ka karanta masa.

Jamila

Mandawari
2 ga Yuni

Yaya,

Assalamu alaikum. Kwana huɗu na yi ban taɓa takardun ba saboda wasiƙarki. A na biyar na sami Baba da hantsi a kan tabarma, na ce, "Baba, ina so in karanta maka wani abu."

Ya saurara har ƙarshe. Sai ya ce, "To shi wannan badukun naka, wa yake saya masa fata?" Na ce ai ciniki ƙwarewa ce daban, sai ya sa mata maki. Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Badukun da bai iya ciniki ba yunwa za ta kashe shi kafin ya ɗinka jaka ɗaya. Ni da sana'ar nan na san akuyar Sakkwato da ido rufe, na iya ɗinke rauni, na ji Fulatanci a wurin masu kawo fata. Wa ya raba maka su?"

Har azahar yana ba ni labari. Rabon da mu yi zama irin wannan na manta.

Na zubar da jerin, nawa da naki. Yanzu mutum sana'a ɗaya zai zaɓa. Duk abin da ya taso, in ya iya faɗin yadda sana'arsa ta koya masa shi, a ƙara masa maki biyu.

Kada ki ɗauka an huta. Jiya a taron mutum shida suka zauna maimakon huɗu. Abdulmalik ya ɗauki wanzami, ya dage wai wanzami ya iya hawan raƙumi tunda yana yawon ƙauyuka. Wani baƙo ya ce ƙarya ne, kakansa wanzami ne kuma da ƙafa yake yawo. Rabin awa suna musu, ayarin ko Ƙofar Ruwa bai fita ba lokaci ya ƙare. Malam Yusuf ya ce ya ga mutane sun ji daɗi, amma ba zai ƙara ba ni teburi ba sai na samo abin da zai tsayar da gardama. Ban san yadda zan yi ba. Na gaji, Yaya.

Zaharaddeen

Haɗeja
6 ga Yuni

Zaharaddeen,

Wa alaikumus salam. Ka ba kowace sana'a abu uku da aka yarda ta iya, na huɗu sai sauran 'yan wasan sun ɗaga hannu sun amince. Ban gwada da kowa ba, kai za ka fara.

Muna samun hutu ranar Juma'a. Zan zo gida, ka ajiye mini wuri a wasan, kuma ka tambayi Baba ko zai zauna kusa ya riƙa raba gardama. In ya ƙi, ka ce ni na roƙa.

Yayarka,
Jamila