Baba, Ba Ka Ƙaga Ruwan Nan Ba

Zuwa ga mahaifina, Malam Issaka mai awon ruwa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa a durƙushe, irin wadda ka koya mana, ina fatan Allah Ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka. Mma tana lafiya, sai ciwon ƙafar nan da ka sani. Gidanmu na unguwar Kaladan yana nan yadda ka bar shi, mangwaron ma bai daina zubar da ganye a kan kwanon ɗakinka ba.

Na rubuto ne in ba ka labarin littattafanka, don saura ƙiris a jefar da su, kuma da hannuna.

Ka tuna lokacin da kake gadin gonar makaranta a bayan Gurugu, wani malamin gona ya kafa gwangwanin awon ruwan sama, ya ce kullum da safe ka juye ruwan a kwalba mai layi-layi ka rubuta inda ya kai. Aikinsu ya ƙare, suka kwashe kayansu suka tafi. Kai kuwa ba ka daina ba. Kana sallame asuba sai ka hau keke, littafi a aljihun riga, biro a bayan kunne. 'Yan unguwa suka sa maka Malam Ruwa. Ni kuma a makaranta ana kirana 'yar Malam Ruwa, har na taɓa fasa wa wata yarinya leɓe a kan sunan. Ba don kare ka na yi ba, Baba. Kunya nake ji, yau dai na faɗa.

To, Allah da ikonSa, ga ni yanzu a wani ofis a Kanvili da ke tattara bayanan ruwan sama don a san lokacin da za a ce wa manoma su yi shuka. Aikina bai bambanta da naka ba sosai. A cikin kwamfuta akwai abin da muke kira fayil, kamar shafin littafinka yake: kowane layi rana ɗaya, ga kwanan wata, ga yawan ruwa. Ni na rubuta manhajar da ke karanta shi. Tana karanta layi, ta taka zuwa na gaba, rana bayan rana, in ta gama ta rubuta sakamako a sabon fayil. Ba ta tsallake, ba ta kuma tambayar kowa, abin da aka koya mata shi take yi.

Da na ga ba mu da tsoffin bayanai na wajen Gurugu, sai na buga ƙirji a gaban kowa na ce ubana yana da su. Na ɗauko jakar buhun nan daga ƙarƙashin gadon Mma. Wata da watanni ina kwafe rubutunka layi-layi, ina fama da bakwai ɗinka mai kama da ɗaya. Wallahi Baba, rubutunka sai haƙuri.

Ranar da na ba manhajar fayil ɗinka ta jera shi da na tashoshin awon ruwa da ke kusa, allon ya yi jawur. Ranar da kowa ya rubuta ruwa, kai babu. Ranar da kowa ya rubuta babu, kai ruwa kamar da bakin ƙwarya. Maigidanmu a ofis, mutumin kirki ne amma akwai gaggawa, ya duba ya ce ya sha ganin irin wannan: tsoho ya zauna a ɗaki ya ƙaga lambobi. Ya ba ni zuwa ƙarshen mako in cire fayil ɗin daga ma'ajiyarmu. Bai tuna cewa ubana ne ba sai da ya ga idona.

Ka san 'yarka da zuciya. Na so in yi masa tatas, amma da me? Manhajar da ta ƙaryata ka ni na rubuta ta. Abin da ya fi ci mini rai, na ɗan yarda. Na ce ko dai wasu safiyoyin wajen masu koko kake tsayawa. Ka yafe mini wannan.

Mma ce ta fitar da kai. Na je mata da littafi ɗaya ina ƙorafi, ta ce in buɗe mata makon sunan ƙanwata Zali, don ruwan da ya yaye mana rufin kicin ba ta manta shi ba. Ranar Lahadi aka yi suna, ruwan kuwa bayan magaribar Asabar ya sauko. Na duba fayilolin ofis, Asabar suka rubuta. Na duba naka, Lahadi. Mma ta dube ni kamar ban taɓa shiga makarantar allo ba, ta ce ai daren Lahadi ne, me kuma ake so ya rubuta?

Nan take na ji muryarka, yadda kake cewa in mun yi lattin shigowa gida: “In an kira magariba, jiya ta tafi, yau ta shigo.”

Ashe shi ke nan. Ma'aikatan tashoshi, in sun auna da safe, sai su mayar da lambar kan jiya, haka aka koya musu. Kai ba wanda ya gaya maka. A wurinka dare na ranar da ke biye da shi ne, don haka abin da ka auna da safe kan ranar kake sa shi. Shekara da shekaru kana gabansu da taku ɗaya, ba ka taɓa kuskure ba.

Washegari ko karyawa ban tsaya yi ba. Na matsar da fayil ɗinka rana ɗaya, na sake ba manhajar. Baba, jan nan ya washe. Ruwanka da nasu suka hau kan juna tun daga littafin farko har na ƙarshe. Akwai ma watannin da wata tasha ta yi shiru, kai kaɗai ne ka riƙe su. Na yi guɗa a tsakiyar ofis, ni da ban iya guɗa ba.

Maigidan ya zo ya tsaya a bayana ya daɗe. Ya ba ni haƙuri, sannan ya ce in gyara kwanakin fayil ɗin su zama irin na kowa. Na ce a'a. Ba ka yi laifin da za a gyara maka rubutu ba, manhajar ce ba ta da tarbiyya. Na ƙara layi ɗaya a saman kowane fayil, inda ake faɗin yadda mai awon yake ƙirga ranarsa, na koya mata ta karanta wannan kafin ta taka ko'ina. Da muka koma kan fayilolin da aka taɓa watsarwa, sai ga na wasu dattawa biyu, su ma irin ƙirgarka suke yi. Ka fitar da su kunya ba ka ko san su ba.

A saman naka fayil ɗin akwai wurin sunan wanda ya auna. Na rubuta Malam Issaka, na tsaya, sannan na ƙara Malam Ruwa. Yanzu duk wanda zai ce wa manomin Gurugu ya yi shuka, sai ya bi ta kan sunan nan. Ina alfahari da kai, Baba, alfaharin da ban iya nuna maka ba kana raye.

Abu ɗaya ya rage. Ka saba ja layi ka rubuta kwanakin wata gaba ɗaya tun ranar farko. A littafin ƙarshe, kwanakin suna nan har ƙasan shafi, amma lambobin sun tsaya a tsakiya. Manhajar ta so ta cike gurbin da sifili, wato ba a yi ruwa ba. Na hana ta. An yi ruwa ranar da aka kai ka, ni na ga maza sun dawo jiƙe sharkaf. Mai aunawa ne babu. Na bar layukan a buɗe.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka, Ya kai sanyi kabarinka. Yadda ka riƙe amanar da ba wanda ya zo dubawa, Allah Ya duba ta, Ya sa ta yi nauyi a mizaninka. Amin.

Taka har kullum,
Rabi, 'yar Malam Ruwa