Kanta Mai Hawa Huɗu

Zuwa ga Autata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da angona. Haƙoran nasa sun fito? Ki lura, kada ya riƙa kai komai baki. Ni lafiya lau, sai gwiwa da har yanzu ba ta shirya da matakalar benen nan ba.

Na rubuto ne don a waya kullum kina sauri, ni kuma sai na kashe nake tuna abin da na so faɗa. Ki yi haƙuri da layukan da suka karkace, hannu ya tsufa kafin ya san biro.

Na ji maganarki, cewa ba za ki kawo yaro mai rarrafe inda kwalaye suka kai rufi ba. Ta yi min zafi, ba zan ɓoye miki ba, amma gaskiya kika faɗa. Kayan babban gida ne yayanki ya cusa min a ciki da falo bayan rasuwar babanku. Na sa kafinta ya kafa min kanta mai hawa huɗu a bangon da ke kallon taga. Wai ko kanti zan buɗe ba za ta ɗauke rabin kayana ba. Na ce ya buga ƙusarsa ya bar ni da tarkacena.

Kafin hutunku ya zo za ki ga aiki.

Innarki.

Autata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, ya tarin da na ji angona yana yi a waya? Kin kai shi an duba?

Ranar farko na cika kantar maƙil, har katakon tsakiya ya yi ciki. Maƙwabciyata mai ɗinki ta leƙo ta yi dariya har da riƙe ƙofa, ta ce kwalayen ne kawai na rataye a bango. Ita ta koya min: kowane hawa babban abu ɗaya, ƙanana biyu, sauran wurin a bar shi ya sha iska. Na ce a gidanmu mutane ne ke shan iska, ba kwano ba. Amma da ta sauke ta jera, sai na ga ɗakin ya buɗe.

To ragowar fa? Nan ne aikin. Tukwanen da nake dafa muku abinci ku bakwai na ba matar mai gadi. Labulaye da fulas uku mai ɗinki ta kai wa ƙanwarta. Takalman babanku na daɗe riƙe da su kafin na miƙa. Rediyonsa kam na hana, ko da ba ta magana. Tana hawa na uku, ita ce babban abin, tabaraunsa da hotonku su ne ƙananan.

Kada ki yi min dariya. Na durƙusa na yi rarrafe daga ƙofa har taga, don in ga abin da idon yaro zai gani. Na tsinci allura a ƙarƙashin kujera, na ga wayar fanka tana lilo. Hawan ƙasa na kwashe shi tas na bar masa. Kofunan tangaran suna na biyu, inda mai rarrafe ba ya kaiwa. Tashi ne ya gagare ni, sai da na dafa gado.

Kwali ko ɗaya babu yanzu. Ku taho.

Innarki mai jiranku.

Autata,

Ina gaishe ku duka. Saƙonki ya iso, na kuma fahimta. Aiki ba ya jiran kowa, kuma hanya da yaro ba wasa ba ce. Kada ki sa damuwa a ranki, wani hutun yana nan.

Ɗakin ya yi kyau, kowa ya shigo sai ya faɗa, ko da yake masu shigowar ba su da yawa. Abin da ban sani ba shi ne kwalayen nan suna shanye ƙara. Yanzu in na ajiye cokali sai in ji ya amsa. Shara ba ta ɗaukar lokaci, goge kantar ma haka, sai in zauna ina kallonta tun hantsi bai yi ba.

Kin ce angona ya daina rarrafe, har yana bin bango yana janyo mayafin tebur. Na yi murna, sai dai ban ga rarrafen nasa ba ko sau ɗaya. Duk shirin da na yi na mai rarrafe ne. Kofunan nan yanzu suna daidai hannunsa.

Ga roƙona. Ki tsayar da shi jikin bango, ki ɗaga hannunsa sama, ki auna da zare daga ƙasa zuwa kan yatsunsa, ki yanke ki sa min a ambulan. Zan gwada a jikin kantar in san abin da zan matsar. In zuwan ya ƙara nisa, ki sake aiko wani, yara ba sa tsayawa. Hawa biyu ne suka rage min a sama.

Ki shafa min kansa.

Innarki.