Totuwar masarata ta tafi a murhu

Laraba da dare, Goron Dutse

Yau kam raina ya ɓaci. Sati uku ina bin masu gasa masara a Ƙofar Dawanau ina tara totuwa, na wanke, na shanya, na ɗura a buhu. Daga ita zan tatso ruwan da zan haɗa da iskar naitirojin in sa masa lantarki, mu ga ko za a samu sinadarin yin magani ba sai da man fetur ba. Gobe Dakta mai duba bincikena yake jiran in fara.

Na dawo da la'asar na tarar da buhu wayam. Wai gas ne ya ƙare, Hajiyarmu ta hura wuta da totuwar ta tuƙa tuwo.

Na ce, "Hajiya, aikin digirina ne fa!"

Ta ce, "Ikon Allah, yanzu shara ce digiri? Ai da kin faɗa."

Sau biyu na faɗa mata! Da wane baki zan gaya wa Dakta an yi girki da bincikena?

Na rantse ba zan taɓa tuwon ba. Bayan isha'i na cinye malmala biyu, kuma abin haushi, ya yi daɗi.