Ƙwan Zabin Iya

Daren Laraba, tsakiyar damina

Alhamdulillahi. Yau Ummi ta ci ƙwai, kuma Iya ce ta ɓare mata da hannunta.

Tun da na yaye yarinyar nan take ramewa, gashinta duk ya yi ja. Koko da safe, tuwo da dare, shi ke nan. Sai da na fara karatun abinci na kyauta a waya, ina tsaye a kan turmi bayan ɗaki don nan kaɗai sabis ke kamawa, sannan na gane cika ciki daban, gina jiki daban. Ga zabin Iya suna ta zuba ƙwai, amma tana nan a kan bakanta, wai yaron da ya saba da ƙwai ɓarawo zai zama.

Ina ni ina musu da Iya, uwar mijina? Darasin kawai nake fassara mata in muna tsinkar zogale. Jiya na nuna mata hoton wani yaro mai jan gashi da kumburarrun ƙafafu. Ta daɗe tana kallo, can ta ce, "Haka ɗana Sani ya yi kafin ya rasu. Mu cewa muka yi mayu ne suka kama shi."

Na ci gaba da tsinka.

Yau da hantsi sai ga ta da dafaffen ƙwai a kwano.

"Ke 'yar nan, miƙo min ita," in ji ta. "In ma satar ce, ta rayu ta yi."

Allah ya ja da ran Iya.