Wasan Candela da Farar Ƙafata

Doña Herminia, ke da kike ba mu shawara a jaridar nan, don girman Allah ki taimake ni kafin ranar Juma'a, don ranar ce zan yanka tikiti in kuma ba mai motar safa amsa, ga shi kwana uku ke nan ina cin abinci ba na jin ɗanɗanonsa. Ba zan rubuta sunana ba. Dama ko a garinmu yanzu ba kowa ke son furta shi ba, za ki ji dalili.

Shekarata sittin da takwas. Na yi shekara talatin da huɗu ina koyar da waƙa a firamare a nan Bragado, shi ya sa da na shiga ƙungiyar 'yan fansho aka ɗora mini zaɓen wasan da za mu je kallo a Buenos Aires duk shekara. Mu talatin da biyu ne. Mu tashi da safe ranar Lahadi, shayinmu na mate na zagayawa a mota hannu zuwa hannu, mu kalli wasan yamma irin na waƙa da rawa, mu ci fiza a tsaye a titin Corrientes, mu juyo gida. Akwai waɗanda tun farkon shekara suke ajiye takalmin da za su sa ranar.

Shekara biyar ina zaɓe lafiya lau, amma yau ba mai tuna wannan. Bara waccan, sai da muka zauna aka fito aka ce muryar tauraruwar wasan ta dishe, wata ce za ta yi a madadinta. Yarinyar ta yi ƙoƙari, amma ba ita muka yi tafiyar awa uku mu gani ba. Bara kuma ana tsakiyar waƙa wuta ta ɗauke a unguwar gaba ɗaya, muka fito muna laluben matakala da fitilar waya. A hanyar dawowa sai Porota, wata 'yar ƙungiyarmu da ba a taɓa sa wa bakinta linzami ba, ta juyo daga kujerar gaba ta ce, "Wai jama'a, wa ma ya zaɓo mana wannan? Kai, ku dubi rigar da ta sako, ai da mun dawo da rai ma mun gode!" Rigar sanyi ce ruwan ɗorawa. Wallahi na manta shaf cewa 'yan wasa ba sa son ganin wannan launi a gidansu, don sun camfa shi. Mota ta kwashe da dariya, har da ni, don a lokacin na ɗauka raha ce.

Daga ranar na zama mufa, mai farar ƙafa. In na shigo zauren ƙungiya sai in ga hannuwa sun lallaɓa sun taɓa katakon tebur, wai don kore sharri. Da 'yan ƙwallon garinmu suka sha kashi aka ce an gan ni na wuce ta bakin fili, alhali cefane na je. Abin da ya fi cina shi ne sunana. Kin san ba a kiran sunan mufa, to yanzu "Malamar nan" nake, a bakin Porota kuwa "wadda kuka sani". Matan da na koya wa 'ya'yansu taken ƙasa ne fa ke yi mini haka. Duk cikin wasa suke yi, kuma in na ɓata rai sai a ce ba ni da raha.

Ga inda gizo ke saƙa. Wasanni biyu ne a gabana bana. Na farko babba ne, a wani ƙaton gida a Corrientes, labarin baƙin da suka iso ta jirgin ruwa zamanin kakanninmu, har ruwan sama ake saukarwa a kan dandamali. Shekara biyu ana yin sa ba a taɓa jin ko ƙusa ta faɗi ba, kujeru masu laushi, ga banɗaki a kowane bene. Na biyu ƙarami ne, a unguwar Abasto, kujera casa'in kacal, labarin matan wata masana'antar ɗinki. Ba wani shahararre a ciki. Amma a cikinsa akwai Candela.

Candela jikar Nilda ce, Nilda kuwa ƙawata ce tun muna 'yan mata, ita ta riƙe mini hannu ranar da aka binne mijina. Ni na fara jin muryar yarinyar nan tana shekara bakwai, a layin baya, tana jin kunya, na jawo ta gaba. Shekara shida tana birni tana aikin kai abinci tebur a gidan abinci tana zuwa gwajin shiga wasa ana cewa ta koma gida za a kira ta. Wancan watan ta turo mini saƙon murya, tana haki kamar ta yi gudu: "Malama! An ba ni waƙa guda, ni kaɗai, ba a cikin taro ba! Za ku zo ko? Ki ce mini za ku zo." Na saurari saƙon ya fi sau ashirin, kuma har yau ban amsa ba.

Shekaranjiya Nilda ta zo gidana da burodin zaƙi. Muka sha mate, muka yi ta zagaye-zagaye, can ta ce, "Ke dai ki zaɓi babban nan, ƙawata, ki huta. Ƙaramin kujerunsa na katako ne, rabinmu ƙugu ya tashi aiki. Ni sai in je in ga jikar tawa wata rana." Tana faɗa tana juya zobenta, ba ta ɗago ta kalle ni ba. Da za ta fita kuma ta dafa katakon ƙofa. Wataƙila gwiwarta ce, don tana fama da ita. Wataƙila kuma ba gwiwa ba ce. Na rufe ƙofa na zauna na yi kuka irin wanda na daɗe ban yi ba.

In na zaɓi babban, na san ba abin da zai faru, wataƙila ma bakin Porota ya mutu. Amma me zan ce wa Candela? In na zaɓi ƙaramin kuma, yarinyar ta yi tuntuɓe ko muryarta ta karye, ko ma wani ya yi atishawa a inda bai dace ba, shi ke nan, ni ce, kuma Nilda ba za ta sake kallona da ido ɗaya da na da ba. Na ma yi tunanin in zaɓi ƙaramin, in sa su a mota, ni in ce hawan jinina ya tashi in zauna a gida. Abin kunyar da ban gaya wa kowa ba shi ne ni ma na fara yarda. Jiya ina shiga kicin ƙwan fitila ya mutu, sai na ji ina cewa a raina ni ce. Ni da na yi karatu, na koyar! Ina tsoro, Doña Herminia, ina tsoron in cuci yarinyar nan da zuwana. Wanne zan zaɓa?

Malamar nan, daga Bragado

Malama,

Ki share hawayenki mu yi magana. Murya takan dishe, wuta takan ɗauke, ƙwan fitila yakan mutu, kuma duk suna yin haka a gidajen da ba ki taɓa takawa ba. Wasa bakwai kika zaɓa, biyar suka tafi sumul. Da ƙafarki na da wannan ƙarfin da tun shekarar farko an gani.

Sai dai ba zan ce miki ki yi watsi da komai ba. Na san mutanen dandamali, camfinsu ya fi na kowa, kuma in kalmar nan ta manne wa sabuwar 'yar wasa takan bi ta har gidan gwaji na gaba. Saboda haka ko da tsoro ne ya sa Nilda ta dafa ƙofa, tsoron kaka ne a kan jikarta, ba ƙinki take yi ba. Maganarta ta kujeru ma ba ƙarya ba ce. Mutum talatin da biyu, rabinsu masu ciwon ƙugu, suna da haƙƙin zama mai daɗi a ranar da suke jira duk shekara, kuma babban wasan ba laifi ba ne don wani ya fi son sa.

Ni dai ƙaramin zan zaɓa, amma ba a ɓoye ba kuma ba ke kaɗai ba. Yau ɗin nan ki kira gidan wasan ki tambaya: matakala nawa ce, ina banɗaki yake, za a bar ku ku shigo da matashin zama? Ƙananan gidaje kan yi wa ayari irin naku abin da manya ba za su yi ba. In kin samu amsa, ki tafi gidan Nilda, ki kunna mata saƙon jikarta ta ji da kunnenta, sannan ki tambaye ta kai tsaye ko tsoron zuwanki take yi. Abotar da ta kai shekara hamsin za ta iya ɗaukar tambaya guda. Ina kyautata zaton kunya za ta kama ta kafin ki rufe baki, kuma in ta yi kuka ki bar ta ta yi.

Ranar Alhamis ki tara ƙungiya, ki shimfiɗa wasannin biyu da alherinsu da wahalarsu, ki faɗi wanda kike so da dalilinki, a ɗaga hannu. In sun rinjaye ki zuwa babban, ki karɓa da fara'a, ke da Nilda ku hau mota wata Lahadin ku je Abasto. Porota kuwa ki ja ta gefe tun kafin taron, ba a gaban mutane ba, don masu irin bakinta 'yan kallo ke ƙara musu ƙarfi. Ki ce mata rahar ta daina zama raha, kuma in kalmar ta kai kunnen abokan aikin Candela, yarinyar ce za ta kwana a ciki. Ki kuma ce kina da suna, a kira ki da shi.

Batun ƙaryar hawan jini, kar ki kuskura. Ranar da kika zauna a gida kin sa hannu da kanki a kan abin da suke faɗa, kuma badi ba wanda zai ajiye miki kujera. Rigar ruwan ɗorawa dai ki bar ta a gida, don girmama masu gidan da za ki shiga. Ba kuma zan yi miki alkawarin komai zai tafi daidai ba, wasan ido da ido ne, mutane ne ke yin sa. In an yi kuskure ki tafa da ƙarfi, yadda kika sha yi wa yaran firamare.

Akwai cuta ɗaya tak da kike da ikon yi wa yarinyar nan, kuma kin riga kin fara: wata guda ke nan tana duba wayarta tana jiran amsar malamarta. Gidan da ke da kujera casa'in, duk wadda ba kowa a kai ana ganinta daga dandamali. Ki ajiye jaridar nan ki amsa mata yanzu, ki ce kina zuwa, ko da ayari ko ke da kakarta.

Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya, ya buɗe wa Candela murya, ya kuma kwantar miki da hankali.

Doña Herminia