Sunan 'Yar Fari a Gidan Rawa

Zuwa ga Hajiya Saudatu, uwar 'ya'yana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta addini, ina roƙon Allah Ya yalwata makwancinki, Ya sa kina cikin ni'ima. Na san wasiƙa ba ta isa inda kike. Amma tun da muka kai ki makwanci babu wanda nake gaya wa magana ta fito daidai, shi ya sa na zauna rubutu. Mai karantawa ya karanta.

Labarin babbar 'yarki ne. Yau da safe na kai ta filin jirgi, ta tafi Sweden, wai ta sami aiki a wani gidan rediyo. Kafin ta tafi ta roƙe ni abu guda, na kasa ba ta. Shi nake so ki ji.

Ni ne na ƙarshen sanin abin da take yi. Wata Asabar na ɗauki wasu ɗalibai mata a motata ta haya a unguwar Glenwood, nan Greensboro, kowacce da rawanin furanni a ka, suka ce in kai su wani ƙaramin kulob a tsakiyar gari. Ɗaya ta miƙo mini wayarta don in ga tallan taron. Sai ga hoton 'yarki, ta ɗaura ɗankwalinki mai ruwan zuma, ta ɗora abin sauraren kiɗa a kansa. Suka ce ita ta kafa abin, duk wata ake yi, kuma ba a saka waƙar kowa sai ta mutanen Sweden da Norway da maƙwabtansu. Na sauke su, suka ba ni taurari biyar a waya, wai na iya tuƙi.

Jumma'ar da ta biyo, muna neman takalma a ƙofar masallaci, Alhaji Ɗanjuma ya ɗaga murya yadda kowa zai ji: "Malam mai digiri, ashe makaɗiya ka haifa mana? To a gaya mata in bikinmu ya tashi ta tuna da baffanninta." Aka yi dariya, ni ma na yi. Mutumin da ni na koya wa karanta alamun hanya a garin nan.

Kin san abin da ya fi ci mini rai? Ni na tsaya gaban allo a Zariya ina koyar da labarin ƙasa, ina zana wa ɗalibai waɗannan ƙasashe da alli, ina gaya musu akwai lokacin da rana ba ta faɗuwa a can. Wani ya ɗaga hannu ya ce, "To Malam, yaushe suke magariba?" Aji ya kwashe da dariya. Na zo Amurka in zama dakta, na ƙare a bayan sitiyari, kuma ƙasar da na zana da alli ita ta zo ta ɗauke mini 'ya.

In ana ɗora wa mamaci laifi, da na ce da naki a ciki. Kasat ɗin nan na mawaƙan Sweden da kika sayo a kasuwar Kaduna tun muna sababbin aure, kika saka shi cikin kayanki har Greensboro. Kina tuƙa tuwo kina bin waƙar, kina karya Turancin yadda kika ga dama, ita kuma tana goye a bayanki tana kaɗa ƙafa. In na ce a rage, sai ki ce, "Malam, su ma sanyi ne ya dame su kamar mu, bar su su yi kukansu."

Amma ba kiɗan ne ya raba mu ba, Hajiya. Kin san abin da ya raba mu.

'Yar fari ce. A gidanmu ba a kiran sunan ɗan fari. Mahaifina ya rayu ya mutu bai taɓa furta sunan yayana ba, kuma duk unguwa ta san wanda ya fi so. In ya shigo sai ya ce, "Ina wancan?" Mu muka san nauyin da ke cikin wancan ɗin. Abin da ka fi ƙauna ba ka yawo da shi a baki. Ke kin ajiye taki kunyar tun a asibiti, domin ma'aikatan jinya sun yi ta tambayarki sunan jaririya, ba ki da uwa ko goggo kusa da za ta amsa miki. Ni na riƙe tawa. Daga duk abin da na zo da shi daga gida, ita kaɗai ce ƙasar nan ba ta ƙwace mini ba.

Ƙaninta Faruƙ kuwa ina kiransa safe da yamma, har da wasa. Tana ji.

Kin tuna ranar da malamarsu ta firamare ta kira mu, ta ce yarinya ta gaya wa aji babanta bai san sunanta ba? Ke kika yi ta dariya a mota har da hawaye. Da muka isa gida kika zaunar da ita a cinya kika ce, "Shi fa ya raɗa miki shi a kunne ranar suna. Ya ɓoye shi ne don kada ya tsufa." Ta yarda a lokacin. Ke ce tafintarmu, Saude. In na ce "Ke, kin ci abinci?" sai ki juya mata shi zuwa abin da yaran ƙasar nan suke son ji. Da kika tafi, sai maganata ta koma abin da take a fili: ke, kin ci abinci.

Ta zo gida McLeansville ana saura kwanaki taron kiɗanta na ƙarshe. Ba ta hau kujera ba, ta zauna a kan kafet yadda kika koya mata. Da Hausarta mai ɗingishi ta yi maganar, ba da Turanci ba, shi ya sa na gane ta shirya. Ta ce, "Baba, Asabar ce ta ƙarshe. Da rana za mu fara, ba sai ka ga abin da ba ka so ba. Ka zo ka kira ni. Sau ɗaya kawai. Ina so in ji yadda sunana yake a bakinka kafin in tafi." Na ce, "Ke, wane irin zance ne wannan?" Ta tashi ta wanke mini kwanuka ta tafi.

Na je, Saude. Bayan la'asar na sa farar shaddar nan da hula na je. Shekarun da na yi ina sauke mutane a ƙofar irin waɗannan wurare, ban taɓa taka ciki ba sai ranar.

Wai bikin tsakiyar bazara na mutanen can suke kwaikwayo, shi ya sa suka fara rana tana sama. Sun buɗe ƙofar baya zuwa wani ɗan fili, sun kafa sanda sun naɗe ta da ganye. Yarinyar da ke tsaron ƙofa, mai zobe a hanci, ta tambaye ni wa nake nema. Na ce wadda ke saka kiɗan. Sai ta faɗi sunan, a gutsure, kamar ana kiran kyanwa, ta ce in shiga.

Warin giya ya tare ni, na yi istigfari na raɓe jikin wani ginshiƙi. Turawa, baƙaƙen fata, 'yan Indiya, har da wata tsohuwa da ta girme ni, duk suna tsalle suna bin waƙoƙi cikin harsunan da na tabbata ba sa ji. Ba zan yi miki ƙarya ba, ban ga wani abin assha ba sai shirme. Suna murna ne kawai, irin murnar wanda ba shi da inda ya baro.

Ita kuwa tana sama bayan na'urorinta, da ɗankwalinki. Ta iya aikinta. In ta ɗaga hannu su ɗaga, in ta sauke su yi tsit. Lokaci-lokaci tana duban ƙofa.

Can ta rage sauti ta yi magana da Turanci. Ta ce wannan ta mahaifiyarta ce, wadda take rera ta a kicin. Sai ga waƙarki. Ta tukunyar tuwo. Ɗakin gaba ɗaya ya ɗauka, su suna faɗin kalmomin daidai, ni kuwa naki karyayyun nake ji. Sai da na dafa ginshiƙin.

Ta bar waƙar tana tafiya ta sauko cikin mutane. Kowa yana kiran sunanta. Waɗanda suka san ta jiya, waɗanda ba su iya furta shi ba, suna jefa shi ta ko'ina kamar ba shi da nauyi. Ta nufi ƙofa tana leƙe, ta wuce ta gabana ba ta gan ni ba, har gefen ɗankwalin ya kusa taɓa ni. Na buɗe baki. Wallahi na buɗe, sunan ya taso har maƙogwaro. Abin da ya fito shi ne, "Ke!"

Duk ƙarar nan, ta ji. Ta san wannan muryar. Ta tsaya, ta juyo, fuskarta ta yi haske, sannan ta tsaya tana jira. Ta ba ni lokaci, Saude, ba ta yi mini gaggawa ba. Na dube ta, na ga mahaifina a tsaye tsakanina da ita. Na ce, "Kin ci abinci?"

Ta ce, "Na ci, Baba. Sannu da zuwa." Ta ɗan rusuna, a tsakiyar masu rawa, ta koma wajen aikinta. Na fita na yi magariba a bayan motata, a kan kwalin da nake ajiyewa a but, kiɗan yana biyo ni ta bango.

Masu karanta wannan za su ce taurin kai ne. Faruƙ ma haka ya ce, da Turanci. A ƙasar da mutum yake gaya wa karensa yana ƙaunarsa, ya gaya wa mai sayar masa da kofi, ba zan iya fahimtar da kowa cewa shiru ma girmamawa ne ba. Na yi mata abin da aka yi wa wanda aka fi so a gidanmu. Ita kuma abin da ta ji daban. Ba ta yi ƙarya ba, ni ma ban yi ba, kuma babu ke a tsakani.

Na gwada kiran sunan ni kaɗai a mota, gilasai a rufe. Bai fito ba.

Yau a filin jirgi ba ta sake roƙo ba. Na sauke mata akwatuna, ta durƙusa, na dafa kanta na ce Allah Ya kiyaye hanya. Ta ce amin. Na tsaya ina kallon ɗankwalinki yana nisa cikin layi har ya ɓace. Da ke ce, da kin san abin da za ki gaya mata a cikin wannan ɗan lokacin.

Kin lura ko a nan ban rubuta sunan ba. Na kai hannu na fasa.

Allah Ya jiƙan ki, Saude, Ya sa Aljanna ce makomarki, Ya haɗa mu a inda ba a bukatar tafinta. Ita kuma, ya Allah, Ka tsare ta a ƙasar da rana ba ta faɗuwa, Ka nuna mata lokacin magariba, Ka haɗa ta da masu kiranta da daraja. Ba sai na faɗa Maka wadda nake nufi ba. Ka ji sunan ranar da na raɗa mata shi a kunne.

Wassalam.

Mijinki,
Abdulƙadir
McLeansville